Hatimi da Sallama: Tarken Tsara Fasahar Dandali Mai Wa'adi Daga Duwala Zuwa Unguwar Briqueterie

Tsakure

Wannan takarda ta yi tarken yadda ake tsara ayyukan fasaha na ɗan lokaci a filayen birni, da kuma matsayin hukumar birni a cikin wannan tsari. An ɗauki bikin SUD na birnin Duwala a ƙasar Kamaru a matsayin matanin nazari, sannan aka auna darussansa da unguwar Briqueterie ta birnin Yawunde, wadda ita ce zangon Hausawa a babban birnin ƙasar. Takardar ta nuna cewa duk aikin da za a kafa a bainar jama'a yana buƙatar izini iri biyu, wato hatimin hukuma da kuma amsa sallamar mutanen unguwa, kuma aikin mai tsarawa shi ne ya samo duka biyun.

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin Hausa ya saba da tarken waƙa da na ƙagaggen labari da na wasan kwaikwayo. Ya san yadda ake fito da jigo a warware shi, a dubi zubi da tsari, sannan a auna salo da sarrafa harshe. Abin da ba a cika nuna masa ba shi ne, waɗannan kayan aiki suna iya amfani a kan abin da ba a rubuta a takarda ba, kamar mutum-mutumin da aka kafa a shataletale, ko zanen da aka yi a bangon kasuwa, ko wasan da aka fito da shi kan titi. Duk waɗannan suna da mai magana, da wanda ake yi wa maganar, da harshen da aka zaɓa. Bambancinsu da littafi shi ne, mai karatu shi yake zaɓen littafinsa, in ya gaji ya rufe. Wanda aka kafa wa abu a ƙofar shagonsa kuwa, ko yana so ko ba ya so sai ya karanta shi safe da yamma.

Saboda haka akwai wani mutum da tarken irin wannan aiki ba zai tsallake shi ba, ko da yake ba a cika ganin sunansa a jikin aikin ba. Shi ne mai tsarawa, wanda ke tsakanin mai fasaha da ofishin magajin gari da mutanen unguwa. Shi ne ke neman fili, da takardar izini, da kuɗi, da masu gadi, shi ne kuma ke sa ranar kafawa da ranar kwashewa. Wannan takarda a kan aikinsa ta tsaya.

2.0 Matsalar Suna

Kafin a shiga tarken, ya kamata a daidaita kalmomi, domin nan ne wurin da ɗalibin harshe yake da ta cewa. A kafofin yaɗa labarai akan ji ana cewa "ƙawata gari" ko "adon gari". Waɗannan kalmomi suna ɗaukar aikin a matsayin kwalliya kawai, alhali wasu ayyukan an yi su ne don su tayar da tambaya, ko su tuna wa mutane abin da aka so a manta. A nan an zaɓi "fasahar dandali", domin dandali a al'adar Bahaushe fili ne na kowa da kowa, inda ake kiɗa da wasa da tatsuniya, kuma ba a biyan kuɗin shiga.

Kalma ta biyu ita ce ta lokaci. Mai fassara zai yi saurin cewa "na wucin gadi". Amma wucin gadi yana ɗauke da ma'anar abin da aka yi don a rage zafi kafin na gaskiya ya zo, kamar gadar wucin gadi ko gwamnatin wucin gadi. Aikin da ake magana a kai ba ya jiran wani na gaskiya, ƙarewarsa tana cikin tsarinsa tun farko. Don haka "mai wa'adi" ta fi dacewa. Bahaushe ya san irin wannan fasaha sarai. Lalle da ake yi wa amarya gwaninta ce ta sosai, kuma mai yin sa da wadda aka yi wa duk sun san cewa cikin 'yan makonni zai kwaɓe. Haka nan tashe, da hawan salla, da wasan kara na Damagaram, kowannensu yana da ranar fita da ranar tashi.

3.0 Unguwar Briqueterie

Sunan unguwar kalmar Faransanci ce mai nufin wurin yin jan bulo, kuma ya samo asali ne daga masana'antar bulo da aka yi a wurin tun zamanin mulkin Jamus. Sunanta na asali a bakin Ewondo, 'yan ƙasar wurin, shi ne Ekoudou. Fatake Hausawa sun iso Yawunde tun zamanin Jamusawa, daga baya a ƙarƙashin mulkin Faransa aka tattara su a wannan gefe. A yau unguwar tana cikin ƙaramar hukumar Yawunde ta Biyu, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 7 na birnin, tana maƙwabtaka da Tsinga da kasuwar Mokolo. A cikinta babban masallacin Juma'a na tsohon gari yake. An san ta da tsire da kilishi, har mutanen wasu unguwanni sukan yo takakka da dare, an kuma san ta da shagunan shadda da atamfa da madinka.

Akwai abin lura ga ɗalibin harshe a nan. A kudancin Kamaru kalmar "Bahaushe" ta fi faɗi fiye da yadda muka san ta a Kano ko Maraɗi. Akan kira kusan duk Musulmin da ya fito daga arewa da wannan suna, ko Bafulatani ne ko Babarbare, wani lokaci har da mutanen Mali da Senegal. Ke nan wanda ya ce zai yi magana da "Hausawan Briqueterie" yana gaban jama'a mai harsuna da yawa: Hausa, da Fulatanci, da harshen Bamun, da Faransanci, da Larabcin makarantar allo.

Dangantakar unguwar da hukumar birni tana da tabo. Daga tsakiyar shekarun 2000 zuwa 2020 birnin yana hannun Gilbert Tsimi Evouna, wanda shugaban ƙasa ya naɗa a muƙamin da ya yi kama da na kantoma a Nijeriya. A zamaninsa an gyara tituna, an yi lambunan shaƙatawa, an kuma yi rusau mai yawa a unguwannin talakawa irin su Ntaba da Etetak da wani sashe na Briqueterie. A 2009 aka buɗe babban zauren wasanni da ƙasar Sin ta gina a Warda, a bakin unguwar. Dokar ƙananan hukumomi ta Disambar 2019 ta soke muƙamin kantoman, aka koma zaɓen magajin gari, kuma Luc Messi Atangana ya hau kujerar a 2020. Duk da wannan sauyi, wanda ya taɓa ganin katafila a layinsu ba zai ga ma'aikacin hukuma riƙe da ma'auni da gwangwanin fenti ya ɗauka alheri ne ya zo ba. Wannan ne ya sa unguwar ta zama ma'auni mai kyau: tsarin da ya yi aiki a nan zai yi aiki a wurare da dama.

4.0 Tarken Bikin SUD na Duwala

An je Duwala ne domin a can wannan aiki ya fi daɗewa da tsari a Kamaru. Yawunde ma tana da nata, musamman taron RAVY da ƙungiyar Les Palettes du Kamer ta fara a 2008, inda masu fasaha kan fito da wasanninsu kan titi. Amma a Duwala ne aka fi ganin yadda mai tsarawa da hukumar birni da unguwa suke cuɗanya shekara da shekaru.

4.1 Zubi da Tsari

Cibiyar doual'art ita ce uwar bikin. Marilyn Douala Bell, 'yar gidan sarautar Bell, tare da mijinta Didier Schaub, Bafaranshe masanin tarihin fasaha wanda ya rasu a 2014, su suka kafa ta a 1991. An yi bikin SUD na farko a Disambar 2007, aka sake a 2010 a kan jigon ruwa, da 2013 a kan sauye-sauyen birni, da 2017 a kan matsayin ɗan Adam. Bikin kansa na kimanin mako guda ne, amma shirinsa yakan ɗauki shekaru, domin akan kawo mai fasaha ya zauna a unguwa kafin ya yanke abin da zai yi. Wasu ayyukan masu wa'adi ne, suna tashi da tashin biki, wasu kuma akan bar su su zama na birni.

Abin da ya kamata a riƙe game da zubin shi ne, ba hukumar birni ce ke tsara bikin ba. Ƙungiya ce mai zaman kanta, kuma kaso mai yawa na kuɗin daga gidauniyoyin Turai yake zuwa. Hukumar birnin Duwala ita ke da fili, ita ke ba da izini, ita kuma ake miƙa wa abin da ya saura. Wannan zubi yana da amfani, domin ya ba masu fasaha 'yancin da ma'aikacin gwamnati ba shi da shi. Yana kuma da illa, domin wanda bai sha wahalar haihuwa ba, ba lallai ya damu da reno ba. Aikin da aka yi da katako ko ƙarfe a gari mai ruwan sama da gishirin teku kamar Duwala yana buƙatar gyara a kai a kai, kuma in ba a rubuta tun farko wanda gyaran ke wuyansa ba, aikin dindindin sai ya koma mai wa'adi ba da niyyar kowa ba.

4.2 Inda Aka Dace

Ayyukan da suka fi karɓuwa su ne waɗanda aka fara da tambayar mutane. A unguwar Bessengué, tun kafin bikin farko, cibiyar ta zauna da mazauna wurin a kan matsalolinsu. Daga nan aka sami famfon unguwa mai haɗe da ɗan shago, wanda mai zanen gine-gine Danièle Diwouta-Kotto ta tsara a 2003, da kadarkon da Alioum Moussa, haifaffen Marwa, ya tsara a 2005, wanda makarinsa ke da siffar mutane riƙe da hannun juna. Mai tarke zai iya cewa wannan aikin raya ƙasa ne aka sa wa rigar fasaha. Amsar ita ce, mai ɗaukar ruwa da ke bin kadarkon kullum ya san amfaninsa kafin a yi masa bayanin ma'anarsa, kuma shi zai fara tsawata wa yaron da ya zo ɓalle katakonsa.

Misali na biyu shi ne ginshiƙin da Pascale Marthine Tayou ya kafa a wata shataletale ta New Bell a 2010, tukwane da kwanonin tangaran-ƙarfe da aka ɗora bisa juna har tsawon mita 12. New Bell unguwar baƙi ce, kuma a cikinta zangon Hausawan Duwala yake. Na taɓa nuna hoton wannan ginshiƙi ga wata gwaggona da ba ta taɓa shiga gidan adana kayan fasaha ba. Ta duba, ta yi dariya, ta ce, "Kai ɗan nan, jeren wace amarya ce aka fito da shi titi?" Wannan tarke ne cikakke. Ta karanta aikin da ƙamus ɗin ɗakinta, inda jeren kwanoni ke nuna arzikin mace da gatan da iyayenta suka yi mata. Ko mai aikin ya yi nufin haka ko bai yi ba, ya zaɓi kayan da matar zango za ta iya karantawa ba tare da tafinta ba, kuma wannan nasara ce ta salo.

4.3 Inda Aka Yi Tuntuɓe

Misalai biyu sun isa. Na farko ya girmi bikin kansa. A 1996 cibiyar ta kafa mutum-mutumin La Nouvelle Liberté a shataletalen Deido, aikin Joseph-Francis Sumégné, mai tsawon mita 12, wanda aka harhaɗa da tsofaffin ƙarafan mota da makamantansu. An yi ta sukarsa. Wasu sun ce juji aka tara musu a tsakiyar gari, wasu suka laƙaba masa sunan dodo. Amma gindin rigimar yana wani wuri. Deido ƙasar Sawa ce, mai aikin kuwa Bamileke ne daga yammacin ƙasar, kuma a wannan shekara ce Sawa suka yi zanga-zanga a Duwala bayan zaɓen ƙananan hukumomi, suna kukan cewa baƙi sun karɓe musu gari. Ke nan mutane ba ƙarfe suka gani ba, sun ga tutar wasu an kafa a filinsu. Sai a 2007 aka miƙa aikin ga hukumar birni, kuma a yau ya zama tambarin Duwala. Wasu sukan kawo wannan a matsayin hujjar cewa a yi kawai, mutane za su saba. Ni a ganina hujjar ba ta tsaya ba, domin shekaru 11 na gaba da zage-zage tsada ce da zama da dattawan Deido zai iya rage ta.

Na biyu ya faru a bikin 2017. Bafaranshiya Sylvie Blocher ta kafa hoton kanta a wata shataletale ta unguwar Akwa, tana ɗaga allo mai ɗauke da neman gafara a kan abin da mulkin mallaka ya aikata. An kafa shi da sanin hukuma, amma bai yi kwana biyu a tsaye ba, André Blaise Essama da magoya bayansa suka kayar da shi a gaban jama'a. Essama sananne ne, domin ya sha kai wa mutum-mutumin Janar Leclerc na Bonanjo hari, yana neman a kafa na 'yan kishin ƙasa irin su Ruben Um Nyobè, wanda sojojin Faransa suka kashe a 1958. Idan aka yi wa aikin tarke ta fuskar jigo, niyyarsa kyakkyawa ce. Ta fuskar salo ne ya faɗi. A al'adunmu mai neman gafara yakan durƙusa ne, ko ya aiko da manya, ba ya hawa bisa dakali a tsakiyar gari. Mai wucewa a kan babur ba ya tsayawa karanta allo, abin da ya gani shi ne an sake ɗaga Bature sama a garin da nasa gwarzayen ba su sami wannan matsayi ba. Wannan kuskure bai kamata a ɗora wa baƙuwa ita kaɗai ba, domin baƙo ko da ido makaho ne. Aikin masu tsarawa ne su san yadda titi zai karanta abin. An sami hatimi, ba a yi sallama ba.

4.4 Sarrafa Harshe

A bikin 2010 Hervé Yamguen, ɗan New Bell, ya ɗauki kalaman matasan mawaƙan unguwar ya rubuta su da fitilu masu launi da fenti a jikin gine-gine, da Faransanci gauraye da karin maganar titi. Wannan mataki ne babba, domin ya ɗaga harshen da makaranta ke rainawa ya sa shi a inda ake sa sunan banki. Duk da haka, harshen bikin gaba ɗaya, tun daga takardun gayyata har zuwa jawaban buɗewa, Faransanci ne, sai Ingilishi saboda baƙi. Dattijon zango da ke karanta ajami, da matar da ke kulle wadda ba ta zuwa taron maza, suna cikin "jama'a" a takardar neman tallafi, amma ba su cikin waɗanda aka yi wa magana. Haka abin yake a Yawunde. Ginin tunawa da hukumar birni ta yi a kusa da ofishin Firayim Minista a lokacin gasar cin kofin Afirka ta farkon 2022 yana ɗauke da kalaman son ƙasa da Faransanci da Ingilishi, harsunan hukuma biyu, a ƙasar da ke da harsuna fiye da 200.

5.0 Mai Tsarawa a Matsayin Dillali

A tsarin zango akwai mutum biyu da fatauci ba ya yiwuwa sai da su, wato mai masauki da dillali. Baƙo ya zo da shanu ko goro, bai san gari ba, gari bai san shi ba. Mai masauki ya sauke shi ya tsaya masa, dillali ya haɗa shi da mai saye, kuma in ciniki ya ɓaci su ake nema. Jarinsu amana ce ta ɓangarori biyu. Wannan shi ne hoton da ya fi dacewa da mai tsara fasahar dandali. In ya zama ɗan saƙon hukuma kawai, unguwa za ta rufe masa ƙofa. In ya zama ɗan amshin mai fasaha kawai, abin da ya faru a Akwa zai sake faruwa.

Ƙasar Hausa ta daɗe da irin wannan muƙami. A Kano tashe yana da lokacinsa, daga goma ga watan azumi, yana kuma da shugaba, Nalako, wanda fada ta san da shi. Hawan Daushe da Hawan Nasarawa suna da hanyar da ake bi da jerin wanda ke gaba da wanda ke baya. Darajar wannan tsari tana fitowa ne ranar da ya karye. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, amma a babbar sallar 2024 da ƙaramar sallar 2025 'yan sanda sun hana hawan saboda rikicin sarauta. Haka kuma a 2024 sun dakatar da tashe bisa dalilin cewa 'yan daba na fakewa da shi. A nan jama'a sun amsa sallama tun kaka da kakanni, hatimi ne aka rasa. Sakamakon ɗaya ne da na Duwala: dandali ya zama wayam.

A Turai da Amurka an mayar da wannan dillanci aikin ofis. A dandalin Trafalgar na Landan akwai dakali na huɗu, wanda aka gina a 1841 don mutum-mutumin wani sarki, kuɗi suka ƙare, ya zauna fanko fiye da shekara 150. Daga 1999 aka fara ɗora masa ayyuka masu wa'adi, daga baya shirin ya koma ƙarƙashin ofishin magajin garin Landan. Akan baje ƙananan samfurori mutane su gani su faɗi ra'ayinsu kafin a zaɓa. Ina ɗalibi a can na ga jirgin ruwa a cikin kwalba na Yinka Shonibare, ɗan asalin Nijeriya, wanda aka ɗora a 2010, filafilansa na atamfa. Da wa'adinsa ya cika a 2012 aka sauke shi, aka tara kuɗi aka saye shi, aka kai shi gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich. A Niyok kuwa, Christo da Jeanne-Claude sun nemi izinin kafa ƙofofin yadi a babban lambun birnin tun 1979, ba su samu kafawa ba sai a Fabrairun 2005. Ƙofofi 7,503 suka tsaya kwana 16 aka kwashe. Shekara 26 na neman yarda saboda kwana 16 ya nuna inda nauyin aikin yake.

6.0 Idan Aka Kawo Shi Briqueterie

Bisa ga abin da ya gabata, ana iya fito da abubuwan da mai tsarawa na hukumar birnin Yawunde zai fuskanta a wannan unguwa.

Na farko, ƙofar shiga. Takardar magajin gari ba ta wuce zaure. Akwai Sarkin Hausawa da shugabannin sauran al'ummomi, da limamai, da shugabannin mahauta da madinka, da ƙungiyoyin adashi na mata, da matasa masu babura. Kowane rukuni da harshen da ake yi masa magana da lokacin da ake samun sa. Da ɗan gari kan ci gari.

Na biyu, siffa. Mutum-mutumi a kusa da masallaci, a kunnen mutane da yawa sunansa gunki, kuma babu bayanin da zai canza wannan. Amma wannan ba ya nufin unguwar ba ta da abin nunawa. Akwai zayyanar allo, da dagi, da aska takwas ta babbar riga, da zanen hula, da lalle. Madinkan unguwar masu fasaha ne da ake biyan su saboda gwanintarsu kowace salla. Mai tsarawa da ya ɗauko mai zane daga waje ya manta da su ya tsallake rijiya ya tafi neman ruwa.

Na uku, lokaci da fili. Ranar Juma'a sahu yakan fito har kan titi, da azumi kuma dare ne rana. Wurin da taswirar ofis ta nuna fanko ne, wataƙila nan mai tsire yake kafa tukubarsa da magariba. Aikin da ya tashi mai sana'a daga wurin cin abincinsa ya yi wa kansa abokin gaba tun ranar farko.

Na huɗu, wa'adi. A unguwar da ta san rusau, wa'adi alkawari ne. In an ce kwana 30, a kwashe a rana ta 30, a share wurin, a mayar wa mai fili filinsa, a kuma faɗi tun farko inda kayan za su. A nan ne fasaha mai wa'adi ta fi ta dindindin amfani ga hukuma: tana ba ta damar ta nuna, a kan ƙaramin abu, cewa tana iya shiga unguwa ta fita ba ta ɗauke wa kowa komai ba.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi bikin SUD na Duwala ta fuskar zubi da tsari, da jigo, da salo, da sarrafa harshe. An ga cewa inda aka zauna da mutane, kamar Bessengué, aiki ya zauna, inda kuma aka dogara ga izinin ofis kaɗai, kamar Akwa a 2017, aiki ya faɗi. Misalin Kano ya nuna ɗaya gefen, inda yardar jama'a ba ta wadatar ba da hukuma ta janye tata. Cibiyar doual'art ta cancanci yabo a kan buɗe wannan fage tun 1991, kuma kurakuranta ma sun zama darasi ga duk birnin da zai bi sawunta.

Ga ɗalibin Hausa, wannan fage ne na aiki da ba a cika ambata ba. Wanda zai tsaya tsakanin magajin gari da zango dole ya iya mayar da takardar ofis maganar zaure, ya kuma mayar da ƙorafin zaure rubutun da ofis zai karɓa. Ana shawartar ɗalibai su gwada wannan tarke a garuruwansu: a zaɓi shataletale ɗaya ko zanen bango ɗaya, a binciki wanda ya kafa shi, da wanda aka tambaya kafin a kafa, da sunan da mutanen wurin suka laƙaba masa. Sau da yawa wannan laƙabi shi ne hukuncin da jama'a suka yanke wa aikin.